Taro a Abuja: jirgin sama, motar Unguwa Uku, motarka, ko jirgin Rigasa?

Takardar gayyata ta iso. Taron shekara-shekara na ƙungiyarku ne, a Abuja, rajista ƙarfe takwas na safiyar Talata, buɗe taro ƙarfe goma. Ko kai akanta ne, ko injiniya, ko likita, ko ke malamar jami'a ce da za ki gabatar da takarda, abin da ya rage shi ne ta ina za a bi. Daga Kano hanyoyi huɗu ne: jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano, motar haya daga tashar Unguwa Uku, motar mutum ta kansa, ko a hau mota zuwa Kaduna a kama jirgin ƙasa a Rigasa.

Yawancinmu abu biyu muke dubawa, kuɗin tikiti da awannin da abin hawa zai yi yana gudu. A ganina lissafin daga ƙofar gida ya kamata ya fara, kuma ba ya ƙarewa sai mutum ya zauna a zauren taro da katin shaida a wuyansa. Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi: idan hanyar da ka zaɓa ta ba ka kunya, wace dabara ta rage maka kafin ƙarfe goma na safiyar Talata?

A fara da jirgin sama, tunda shi ne kowa ke sha'awa. Kano zuwa Abuja ba ya cika awa guda a sama. Wannan gaskiya ne, amma guntuwar gaskiya ce. Mu a nan mun yi dace, filin jirginmu a cikin gari yake, daga Hotoro ko Zoo Road ko Kabuga rabin awa zuwa minti 40 ya kai ka idan hanya ba cunkoso. Sai ka isa awa ɗaya da rabi kafin tashi, domin ana rufe karɓar kaya tun kafin lokacin jirgi, kuma dole ka nuna katin shaida mai hoto. A can kuma labarin ya sha bamban. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar Abuja. Bayan ka jira jakarka ta fito, sai ka nemi tasi, sai ku biyo ta Lugbe, inda da safe duk ma'aikatan wannan yanki ke tururuwa zuwa cikin gari. Idan ka tara duka, daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar zauren taro awa huɗu ne ko fiye, kuma wannan idan komai ya tafi daidai. Mota kuwa awa shida zuwa bakwai. Ashe abin da jirgi ke rage maka awa biyu ne zuwa uku. Ribarsa ta gaske a wani wurin take: ka isa da ƙarfinka, kayanka ba su yamutse ba, kuma ka tsallake hanyar Kaduna baki ɗaya.

Matsalar jirgi ita ce jinkiri, kuma yana da kyau a san daga ina yake zuwa. Kamfanoninmu ba su da jirage da yawa. Jirgi ɗaya shi zai tashi daga Legas ya je Abuja, ya zo Kano, ya koma Abuja, ya wuce wani garin. Duk minti 30 da ya ɓata da safe, fasinjan yamma ne zai biya su, har da ƙari. Shi ya sa tashin farko na safe, musamman idan jirgin a Kano ya kwana, ya fi kowane tashi tabbas. Na ƙarfe huɗu ko biyar na yamma kuwa, ka shirya jin sanarwar nan ta "muna ba fasinjojinmu haƙuri". Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, sun tanadi cewa idan jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, idan ya zarce kuma yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa. Amma mayar da kuɗi ba ya mayar da zaman da aka yi ba ka nan.

Sai hazo. Wannan shi ne abin da mutumin Legas ba ya sawa a lissafinsa, mu kuma dole mu sa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, wata ranar sai gari ya rufe har ba ka hango ƙarshen layinku. Idan matuƙi ba ya iya ganin titin sauka daga nisan da doka ta gindaya, jirgi ba zai sauka a Kano ba, jirgin da bai sauka ba kuma ba zai ɗauke ka ba. Hadarin damina yakan jinkirta tashi na awa ɗaya ko biyu ya wuce, hazo kuwa yana iya kwana biyu bai ɗaga ba. Duk wanda taronsa ya faɗo cikin waɗannan watanni, ya kuma sayi tikitin safiyar ranar taron, to caca ya yi da sunansa da ke cikin jadawalin masu jawabi.

Kuɗi kuma ba sai an faɗa ba. Tikitin zuwa kaɗai yakan ninka kuɗin motar haya sau da yawa, sannan ga kuɗin tasi daga filin jirgi, wanda shi kansa yana iya kamo kuɗin motar Kano zuwa Abuja. Akwai jirgin ƙasa na cikin birni da ke haɗa filin jirgin da tsakiyar gari ta Idu, an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, aka dawo da shi a watan Mayun 2024. Yana rage tsada, sai dai da lokacinsa yake tafiya, ba da naka ba. Kujerun jirgin sama kuma hawa-hawa ake sayar da su, masu araha su ke fara ƙarewa, don haka wanda ya saya mako biyu ko uku kafin tafiya ba kuɗi ɗaya ya biya da wanda ya saya ana gobe ba. Idan ofis ne zai biya, ka adana ɗan guntun katin shiga jirgin. Shi akanta zai tambaya, ba hoton da ka ɗauka ta taga ba.

Yanzu mu zo ƙasa, inda mafi yawanmu muke.

Wanda ya je Unguwa Uku bayan sallar asuba ya san yadda abin yake. Tun kafin ka sauka daga adaidaita 'yan kamasho sun kewaye ka. "Alhaji, Abuja ne? Zo nan, mutum ɗaya ya rage!" Ka leƙa cikin Sharon ɗin ka ga kujeru uku babu kowa, biyu daga cikin waɗanda ke zaune kuma da ganinsu ba inda za su. Abin da ke da muhimmanci a nan shi ne motar haya ba ta da lokacin tashi, sai ta cika. Tsakanin ƙarfe shida da takwas na safe lodi na sauri, minti 20 an cika an ɗaga. Da hantsi ya yi sai ka yi awa guda a zaune kana jiran mutum biyu. Ka shiga motar da ke kan layi, wadda aka rubuta sunanka da lambar wani naka a takardar fasinjoji, ka bar wadda ke tsintar mutane a bakin titi komai sauƙin kuɗinta. Araha ba ta ado.

Mai zuwa taro yana da kaya iri biyu da ba sa son matsi: kwamfuta da tufafin da aka goge. Kwamfutar kan cinyarka za ta zauna, kada ka yarda a cusa ta a but ƙarƙashin buhun wani. Babbar riga ko kwat kuma a ninke a jaka mai tauri, ko ka haƙura ka ba mai guga a can. Idan da hali ka biya kujerar gaba kai kaɗai. Ko da kuɗin mutum biyu aka caje ka, bai kama ƙafar kuɗin jirgi ba, kuma gwiwoyinka za su shaida bambancin. Mata da yawa da ke wannan tafiya su kaɗai sukan yi haka, ko su haɗu su biyu su sayi layi guda.

Hanyar kanta kashi biyu ce, kuma ba halinsu ɗaya ba. Tsakanin Kano da Abuja kimanin kilomita 430 ne. A ƙarshen 2017 gwamnatin tarayya ta ba da aikin sake gina titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, aka fara a 2018. Ɓangaren Kano zuwa Kaduna shi ya fara samuwa, aka ƙaddamar da shi a watan Mayun 2023. Daga Na'ibawa ka wuce Kura, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Zariya, Jaji, Mararrabar Jos har Kawo, mota gudu kawai take, kuma a nan haɗarin yake, domin titi mai kyau yana sa direba ya manta da burki. Kada ka ji nauyin cewa, "Direba, don Allah a sassauta, ba sauri muke ba." Sauran fasinjoji ma abin da ke ransu ke nan, jira suke wani ya fara.

Daga Kaduna zuwa Zuba, a bakin Abuja, kusan kilomita 165, shi ne ɓangaren da ya daɗe yana wahalar da matafiya. Aiki ya yi ta jan ƙafa, ana karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya, tirela guda ta faɗi ko ta lalace a wajen Jere ko Tafa sai layi ya miƙe na awanni. Nan ne kuma sunayen Rijana da Katari suka yi ƙaurin suna a shekarun da garkuwa da mutane ta yi tsanani. An girke jami'an tsaro, al'amarin ya lafa idan aka kwatanta da wancan lokaci, amma har yau ban ga dalilin da zai sa mai hankali ya bi wannan yanki da dare saboda taro ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka bar Kano kafin ƙarfe takwas, ka ga Dutsen Zuma da rana tsaka. Ka kuma tambaya tun a tasha inda motar za ta sauke ku. Zuba daban, Jabi ko Utako daban. Wanda aka sauke a Zuba da sauran tafiya a gabansa, da jaka a hannu, ga kuma 'yan "wan cans" da ake ta gargaɗi a kansu, masu ɗaukar fasinja a mota kamar tasi su yi masa fashi. A Abuja ka kira mota ta manhaja irin su Bolt, ko ka hau a tasha sananniya. Kada ka sa rai da ɗan acaɓa a tsakiyar birni, tun 2006 aka hana su.

Motar kai fa? Lissafinta ya sauya tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur. Zuwa da dawowa kilomita 860 ne, ban da zirga-zirgar cikin gari. Motar da ke shan lita 10 a kowace kilomita 100 za ta buƙaci lita 90 zuwa 100. Ka ninka da farashin lita na ranar, ka ƙara juyen baƙin mai da duba taya. Ga mutum ɗaya wannan asara ce, kuma ga gajiyar tuƙin awa bakwai, wadda ba ta barin mutum ya fahimci komai a zaman farko. Amma idan ku huɗu ne daga ofis ɗaya ko reshe ɗaya na ƙungiya, to babu hanyar da ta kai wannan. Kowa ya kawo kasonsa na mai, ku tashi lokacin da kuka ga dama, ku tsaya inda kuka yarda da abincinsa, ku yi sallarku ta ƙasaru a natse ba direba na danna muku ham ba. A Abuja kuma ku huta da kuɗin tasi na kwana uku, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da komai ke nesa da komai. Sharaɗi biyu ne kawai. A samu aƙalla mutum biyu da za su karɓi juna a tuƙi, sannan takardun mota su cika: lasisi, inshora, abin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku. Jami'an hanya na Abuja ba su san "ai taro za mu" ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne hirar cikin motar. Sau da yawa abin da ƙaramin ma'aikaci zai koya daga babbansa tsakanin Kura da Zuba ya fi abin da zai ji daga kan mumbari. Sai dai idan shugaban naka mai son a yi ta yaba masa ne, to awa bakwai tana da tsawo.

Jirgin ƙasa shi ne zaɓin da ya fi daɗi a jiki, ya kuma fi wuyar tsarawa daga Kano. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, an buɗe shi a watan Yulin 2016. Yana tashi daga Rigasa ya tsaya a Kubwa ya ƙare a Idu. A ciki akwai sanyi, akwai banɗaki, kana iya miƙewa ka taka, kana iya buɗe kwamfuta ka gyara takardarka. Ya kuma ɗauke maka daidai ɓangaren titin da ya fi muni. Ba a manta da harin ranar 28 ga Maris 2022 ba, wanda ya sa aka dakatar da jirgin har zuwa Disambar wannan shekarar, kuma tun daga lokacin aka ƙara matakan tsaro, aka kuma ɗaure sayen tikiti da lambar NIN.

Wahalarsa ita ce haɗi. Kana da tafiya huɗu a jere: mota daga Kano zuwa Kaduna, kusan awa uku, daga Kawo zuwa Rigasa, wadda ke can yammacin gari, sai ka ratsa cunkoso, sannan jirgin, awa biyu da wani abu zuwa uku, sannan tasi daga Idu ko Kubwa. Jirgi kuma ba ya jiran motar da ba ta cika da wuri a Unguwa Uku ba. Sawun da yake yi a rana kaɗan ne, tikiti kuma yakan ƙare da wuri a intanet, musamman na Litinin da Juma'a da Lahadi. Saboda haka kada ka bar Kano sai tikitin yana cikin wayarka, kuma ka ba kanka rarar awa guda aƙalla. Idan ka tara awannin, bai fi mota sauri ba, wani lokacin ma ya fi ta daɗewa. Wanda ya fi cin moriyarsa shi ne mai ɗan'uwa a Kaduna da zai kwana wurinsa ya kama jirgin safe, ko mai ciwon baya da ba ya jure ramuka, ko wanda hankalinsa ba ya kwanciya da titin. Idan masaukinka a Gwarinpa ko Kubwa yake, sauka a Kubwa. Idan Jabi ne ko Wuse ko tsakiyar birni, wuce Idu. Ranar da aka kammala layin Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a 2021, duk wannan lissafi zai sauya. Kafin nan Rigasa ce tasharmu.

Duk wannan kwatance yana rataye ne a kan abu guda: yaushe za ka tafi? Wanda ya tafi ana gobe taro, kowace hanya ta yi masa. Jirgin safe ya ƙi tashi, yana da sauran lokacin da zai ruga tasha ya isa kafin magariba. Mota ta lalace a Zariya, ya sauya wata. Wanda ya ce sai ranar taron kuwa, hanya ɗaya tak gare shi, jirgin farko, kuma idan ya kuɓuce shi ke nan. Shi ya sa nake ganin motar haya ranar Litinin da kwanan otal ɗaya sun fi jirgin safiyar Talata, ko da kuɗinsu ya zo ɗaya. Idan kai ne mai gabatar da takarda ko shugaban wani zama, wannan ba ma abin tattaunawa ba ne.

Kwanan kuma a ina? Manyan tarukan Abuja a 'yan wurare suke yawan faɗawa: babban zauren taro na ƙasa da ƙasa da aka gina a 1991, Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Transcorp Hilton a Maitama, da makamantansu. Otal ɗin da ke kusa da su tsada gare shi, kuɗin kwana na gwamnati kuma ba ya isa. A tsarin da gwamnatin tarayya ta fitar a 2022, ma'aikaci mai mataki na 7 zuwa 10 naira 17,500 ne kuɗin kwanansa, mai mataki na 16 da 17 kuma 37,500. Wannan ke sa mutane sauka gidan 'yan'uwa, kuma zumunci abu ne mai kyau. Amma ka tambayi unguwar tukuna. Idan yayanka a Mararaba ko Nyanya yake, sai ka fito tun da duhu kafin ka tsallake cunkoson da ke shiga gari ta mahaɗar AYA, abin da ka tsira da shi na otal kuma ya tafi a mota da makara. Gara ku haɗu ku biyu ku kama ɗaki a Wuse ko Garki ko Utako, ka je gaida yaya da daddare.

Idan taron a Legas ne ko Fatakwal, babu dogon zance. Kano zuwa Legas ya kai kilomita 1,000, motar dare ce da wuni, jirgi kuma awa ɗaya da rabi. A nemi tikiti da wuri, a kuma tuna cewa daga Ikeja zuwa Victoria Island wata tafiyar ce mai zaman kanta. Idan kuma Kaduna ne ko Zariya, mota kawai.

Dawowa ita ce mutane ke mantawa da tsarawa. Ba dole ba ne ka dawo ta hanyar da ka je. Zuwa ne ke da ƙa'idar lokaci, don haka a nan ya kamata kuɗin ya tafi; a dawowa jinkirin awa biyu ba ya hana ka komai. Sai dai ka lura da ranar rufewa. Takardar shaidar halarta, wadda ƙungiyoyi da yawa ke lissafawa wajen sabunta lasisin aiki, galibi sai an gama zaman ƙarshe ake raba ta, zaman ƙarshe kuma ba ya ƙarewa a lokacin da aka rubuta. Kada ka sayi tikitin jirgin da zai sa ka fita ana tsakiyar jawabi. Idan ta mota ce, kuma ƙarfe biyu na rana ta yi maka a cikin Abuja, musamman ranar Juma'a da kowa ke barin gari ta Zuba, ka ƙara kwana ɗaya ka kama motar farko ta Asabar.